Ranar Da Na Je Biko A Kan Babur Ɗin Bature

Ko da zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je biko garin Sara ba. In ma na so mantawa, ƙwaurina na dama ba zai bar ni ba, domin tabon yana nan har yau, faɗinsa ya kai bakin ludayi. Idan jikokina suka tambaye ni abin da ya same ni a wurin, sai in ce musu hatsarin babur ne. To, ba ƙarya na yi ba, amma ko rabin gaskiyar ban faɗa ba. Shekara da shekaru ina dakon labarin nan a cikina, na gaji. Gara in faɗa da bakina, tun da dai mutanen Sara sun riga sun faɗa wa duk mai kunne.

Abin ya faru ne a shekarun da kuɗin mai suka fara shigo wa ƙasar nan, lokacin muna cikin jihar Kano. Ina koyarwa a firamare a Kangire, ina zaune a Birnin Kudu da matata Saude, shekararmu biyu da aure. Kullum a keke nake zuwa makaranta in dawo, rigata sharkaf da gumi. Ana nan sai gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da har yanzu tsofaffi ke ba da labarinsa, ta haɗa mana da ariyas, wato ƙarin watannin baya, a dunƙule. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Mu malaman makaranta, da ba mu taɓa riƙe kuɗin da suka cika aljihu ba, muka wayi gari muna tafiya muna buɗa hannu kamar manyan 'yan kasuwa. Wannan ya sayi rediyo mai kaset, wancan ya sayi fanka alhali babu lantarki a unguwarsu.

Ni kuwa tun kafin kuɗin su zo sun riga sun sami wurin zuwa. Ɗakinmu na ƙasa ne, rufin azara, kuma ya tsufa. Damina biyu Saude ta yi tana tarar ruwa da kwanukan jerenta, waɗanda uwarta ta tara mata ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke ɗan rufa mana asiri shi ne wani tsohon tamfol da muke shimfiɗawa a kan rufin, daidai saitin gado, mu danne da duwatsu. Na yi mata alkawari, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, cewa ranar da kuɗin nan suka shigo hannuna kwano za a fara bugawa. Har rantsuwa na yi, ba ta ma nema ba.

(Akwai abin da ya kamata in faɗa tun yanzu, don labarin ba zai tafi ba sai da shi. Ni gajere ne. Ba irin gajeren da ake ce wa matsakaici don a faranta masa rai ba, a'a, gajere na sosai. A aji sai na taka benci nake rubuta kwanan wata a saman allo.)

Wata ranar Asabar na shirya zuwa Kano sayen kwano. Na ɗauki Malam Sabo bakanike, maƙwabcinmu, dattijo mai gyaran babura a bakin tasha, wai don in an sami rara mu duba ɗan ƙaramin babur na hannu, in huta da keke. Kun ji ƙofar da shaiɗan ya shigo. Da muka sauka Kano sai na ce mu fara da wajen babura, tun da kwano ba gudu zai yi ba.

Dillalin da aka haɗa mu da shi ya kai mu wani fili a bayan gareji. Ya fara nuna mana wani ɗan ƙarami ja, irin wanda malaman gona ke hawa. Malam Sabo ya buga masa kik, ya kasa kunne, ya tsuguna ya taɓa sarƙa, ya leƙa ƙasan injin ko mai na ɗiga, sannan ya miƙe ya ce, "Malam, ga babur ɗinka. Wannan ko a Gwaram ya lalace za ka sami mai gyara, kuma kuɗin kwanonka na nan." Na dubi babur ɗin na yatsina fuska. Na biyu ya ɗan fi shi girma, amma da aka tayar da shi hayaƙi ya turnuƙe mu, Malam Sabo ko tsugunawa bai yi ba. Ina cikin goge ido sai na hango wani abu a lungu, an lulluɓe shi da buhuna, gilashi ya leƙo ta sama.

Na ce, "Wancan fa?"

Dillalin ya yi murmushi irin na wanda abincin ranarsa ya kawo kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, hedimasta, ai wancan ba na kowa ba ne." (Ni ba hedimasta ba ne, aji uku nake koyarwa. Amma ban gyara masa ba.) Ya yaye buhunan.

Ban taɓa ganin abu irinsa ba. Baƙi ne wuluk, tankinsa kamar tulu a kwance, ga gilashi a gaba mai tare iska, ga akwati biyu masu makulli a gefe da gefe, salansa biyu sai ƙyalli suke. Dillalin ya ce na wani Bature ne injiniyan hanya da ya gama aiki zai koma gida, da shi yake zuwa Jos ya dawo a yini ɗaya bai gaji ba. An ƙera shi ne don doguwar tafiya da gudu, in ji shi, ba don zuwa cefane ba. Ban tsaya na tambayi kaina wace doguwar tafiya gare ni ba, ni da iyakata Kangire. Sannan ya kawo abin da ya ƙarasa ni: wannan ba a buga masa kik, maɓalli ake dannawa.

Babur ɗin yana kafe a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya a sama. Dillalin ya ba ni kafaɗa na hau, na ɗora ƙafafuna a kan matakai, na kama hannu, na danna maɓallin. Ƙarar da ya yi ba irin ta ƙananan babura ba ce, wani gurnani ne mai nauyi da na ji shi har cikin ƙirjina. Na leƙa madubi na ga fuskata. Wallahi a madubin nan hedimasta na gani, har ma da sufeton makarantu.

Malam Sabo ya ja ni gefe. Ya ce, "Malam, babur na hannu abu uku ake dubawa kafin a dubi fenti. Ka hau ka ga ƙafarka ta taka ƙasa. Ka kwantar da shi ka ga ko za ka iya ɗaga shi kai kaɗai. Sannan ka tambaya, in ya lalace wa ke da kayansa. Na ukun na tambayar maka, babu mai su daga nan har Bauchi. Ka sa a sauke shi daga kan ƙafar nan ka gwada sauran biyun mu gani."

Na ce, "Haba Malam Sabo, a gaban mutane?"

Ya ce, "To ai gara a gaban waɗannan, ba su san ka ba."

Ban gwada ba. Can cikin raina na san abin da gwajin zai nuna, shi ya sa ban so a yi ba. Na yi kunnen ƙashi, aka yi ciniki, ariyas ta tafi gaba ɗaya. Ko ƙusa guda ta kwano ban saya ba. Malam Sabo ne ya tuƙo mu zuwa Birnin Kudu, ni ina baya na riƙe ƙugunsa, mai babur ya zama fasinja.

Saude ta fito zaure da ta ji gurnanin. Ta dubi babur ɗin, ta dubi bayanmu ko akwai mota tafe da kaya, sannan ta dube ni.

"Malam, ina kwanon?"

"Yana nan tafe."

Ta nuna akwatunan nan biyu da baki. "A ciki yake?"

Ba ta jira amsa ba ta koma cikin gida.

Kashegari na san abin da na saya. Da aka sauke babur ɗin daga kan ƙafarsa na hau, sai na ga tsakanin takalmina da ƙasa akwai kusan taƙi guda, hagu da dama. In na zame daga kan kujera na karkata, babban yatsana ɗaya kan taɓa ƙasa, shi ma sai in ƙasar mai tauri ce. Nauyinsa kuwa, buhun gero biyu ba su kama ƙafarsa ba. Tuƙi ba matsala, na iya tun a kan baburan abokai, kuma in yana tafiya kamar a kan katifa kake. Tsayawa ce bala'i.

Amma Allah ya yi Birnin Kudu garin duwatsu ne, sai na sami dabara. A ƙofar gida ina tsayawa a jikin dakali. A makaranta na sa aka gangaro mini da wani dutse gindin darbejiya, na ce don zama ne. A masallacin Juma'a akwai bakin kwalbati, a kasuwa akwai matakalar wani mai tireda. Cikin wata ɗaya na haddace duk wani tudu da ke garin nan fiye da yadda na haddace jadawalin darasi. Inda babu dutse ba na tsayawa, ko wa ya ɗaga mini hannu. Mutane suka fara cewa tun da na yi babur na daina gaisuwa, girman kai ya shige ni. Ni kuwa na gwammace a ce mini mai girman kai da a ce ƙafata ba ta kai ba. Ku dubi wauta. Ga shan mai kamar raƙumi ya sami rijiya, ga batir da ke mutuwa duk ranar da ya ga dama, maɓallin da na mutu a kansa ya zama ado, sai an tura. Kullum a gajiye nake dawowa gida, gajiyar tunanin inda zan tsaya ta fi ta taka keke.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Laraba da la'asar. Hadari ya haɗu ta gabas, iska ta taso, babur ɗina kuwa yana waje domin ƙofar zaurenmu ta yi masa kaɗan. Ban tsaya tunani ba. Na sa tsani na hau rufi, na ture duwatsun, na janyo tamfol ɗin nan na lulluɓe babur da shi, har ina ɗaure gefe da igiya kada feshi ya taɓa gilashi. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da na shiga ɗaki na tarar da Saude a tsaye a tsakiya, katifa ta sha ruwa, jar ƙasa na gangarowa ta bango a kan jerenta, ita kuma ta kifa faranti a ka. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Shi dai bai jiƙe ba ko?" Na ce bai jiƙe ba. (Har amsawa na yi, jama'a.) Da gari ya waye ta ɗaure kayanta a zane, ta hau motar Gwaram, ta tafi gidansu a Sara.

Kwana goma sha biyu na yi daga ni sai babur. Babur ba ya tuƙa tuwo, ba ya hira, ba ya ce maka sannu da zuwa. Na sha garin rogo har ya fita raina. Amma in faɗi gaskiya, ba tuwon ne ya fi damuna ba. Ina son matata, na kuma san ni ne da laifi, kuma tsorona kada ubanta ya ce ya isa haka, a aiko mini in ba da takarda. Surukina, wanda mutanen Sara ke kira Malam Babba, mutum ne mai sanyin magana, amma in ya yanke ba ya warwarewa.

Na je na sami Kawu Ilu, ƙanen mahaifiyata, na roƙe shi ya shige mini gaba. Ya zage ni son ransa, sannan ya yarda. Ya ce zai tafi ranar kasuwar Sara da safe a motar 'yan kasuwa, ya zauna da dattawa, ya share mini hanya. Ya ce, "Kai kuma ka zo bayan la'asar. Tun daga bakin rijiya ka cire takalmi, ka zo ka durƙusa. Ban da dogon Turanci, ka ce ka yi kuskure, shi ke nan. Kuma kada in ga wannan baƙin abin naka."

Na ce to. Amma da ranar ta zo sai zuciya ta raya mini cewa in Malam Babba ya ga babur ɗin da idonsa zai gane ba a banza kuɗin suka tafi ba, zai ga 'yarsa na auren mutumin da ya san ci gaba. Na wanke shi tas, na zuba goro da sabulu a akwatunan, na sa farar rigata ta Juma'a, na taka dakali na hau. A hanyar Gwaram, ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Gonaki sun fara kore, iska na wucewa ta saman gilashi, ina ta tsara yadda dattawa za su miƙe su zo kallo. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina ko akwai dutse a ƙofar gidan surukina ba. Da can a keke nake zuwa, wa ke duba dutse a kan keke?

Ga wanda bai san ƙauyukanmu ba, a wancan lokaci ko a keke kake, ba ka wuce dattawa suna zaune. Sauka za ka yi, ka tura, ka gaisa, sai ka yi nisa ka sake hawa. Wannan dattawan gari ke nan. Suruki kuwa, tun daga inda ka hango shi za ka sauka, ka cire takalmi ka riƙe a hannu. Balle kai da ka zo biko, da laifi a wuyanka.

Ina karyo kwanar rijiya sai na hango su. Dattawa shida ko bakwai a gindin tsamiya a ƙofar gidan, wasu a tabarma, Malam Babba da Kawu Ilu da limamin unguwa a kan wani dogon gungumen giginya da ake zama. Na rage giya, na fara neman wurin tsayawa. Babu dakali, babu dutse, babu ko turmi a kife. Rairayi ne fari tas tun daga rijiya har ƙofar zaure, irin mai laushin nan da ruwa ke tarawa. Na zame na gwada miƙa yatsa, yashi ya haɗiye shi, babur ya yi tangal-tangal, na yi maza na ƙara mai.

Haka na wuce surukina a kan babur, da takalmina, da gurnani, na bule su da yashi. Abin da na iya kawai shi ne na ɗaga murya na ce, "Salamu alaikum!" Ban ji an amsa ba.

Na zagaya ta bayan rumbuna ina roƙon Allah ya nuna mini ko kututture ɗaya. Babu. Hanyar ta sake dawo da ni gabansu. Wannan karon Kawu Ilu ya miƙe tsaye yana yi mini alama da hannu biyu in tsaya, fuskarsa kamar zai yi kuka. Na ce, "Barkanku da yamma!" na sake wucewa. Na ji wani dattijo yana tambaya, "Shin wannan ba mijin Saude ba ne? Nuna mana ya zo yi?" Matan gidan sun fara leƙe ta saman danga, kaji sun watse.

A zagaye na uku gumi ya gama jiƙa rigar Juma'a. Na san in na sake wucewa, aurena ya wuce tare da ni. A duk faɗin filin nan abu ɗaya ne ya ɗaga daga ƙasa, shi ne gungumen da surukina ke zaune a kai. Akwai ɗan wuri a ƙarshensa, kusa da cinyar Malam Babba. Na ce a raina, ai taki ɗaya ne, da na dafa na kashe inji sai in dirga in durƙusa, in haɗa laifuffukan in ba da haƙuri gaba ɗaya. Na nufo su kai tsaye. Na kan tabarma suka tashi a guje, wani ya bar takalminsa, wani ya yi fatali da buta. Na matse birki, na miƙa ƙafar dama, na ɗora takalmina a kan gungumen, a gefen rigar surukina.

Ashe gungumen ba a kafe yake ba, ajiye shi kawai aka yi a kan yashi. Ya mirgina. Malam Babba da liman suka tafi ta baya, ƙafafu a sama, rawanin liman ya warware. Ni kuma babur ya biyo ni ya kwanta a kaina, salansa ta manne a ƙwaurina. Akwati ɗaya ya buɗe, goro ya watse cikin yashi. Injin bai mutu ba, tayar baya sai juyawa take tana watsa wa jama'a ƙasa.

Kun san abin da na yi? Ina kwance a ƙarƙashin babur, naman ƙafata na ƙonewa, na juya kai wajen surukina da ke ƙoƙarin tashi, na ce, "Baba, ina wuni. Mun same ku lafiya?" Har ina miƙa hannu in cire takalmin ƙafar hagu, da yake ita ce a waje, wai kada a ce ban yi ladabi ba.

Ba wanda ya san yadda ake kashe shi. Dattawa suka kewaye ni suna salati, wani na cewa a zuba masa ruwa, wani na cewa a ja ni ta hannu. Sai na ji muryar da na yi kwana goma sha biyu ban ji ba, daga bayan danga: "Ku murɗa makullin nan na gaban tanki! Ku ɗaga, ƙarfen na ƙona shi!" Saude ce. Kawu Ilu ya murɗa, gurnani ya tsaya. Sai da mutum huɗu suka kama, har da Malam Babba da yashi a gemunsa, sannan aka ɗaga mini shi. A lokacin maganar Malam Sabo ta faɗo mini a rai, gara a gaban waɗanda ba su san ka ba. Waɗannan kam sun san ni, sun san ubana, su suka ɗaura mini aure.

Aka zaunar da ni a tabarma. Daga cikin gida aka miƙo zuma a ƙoƙo, aka shafa mini a ƙunar. Kawu Ilu ya koma gefe ya dafe kai, duk maganar da ya yini yana ginawa ta rushe. Na yi ƙoƙarin durƙusawa, ƙafa ta ƙi. Na buɗe baki zan ce na yi kuskure, sai Malam Babba ya ɗaga hannu.

"Malam, me ya hana ka sauka?"

Na fara laluben ƙaryar da zan yi, in ce birki ne, in ce yashi ne. Amma na gaji. Wata biyu ina ɓoyon abu ɗaya, na gaji har cikin ƙashina. Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ƙafata ce ba ta kaiwa ƙasa."

Sai liman ya fara dariya, yana naɗa rawani kafaɗunsa na rawa, sauran dattawa suka kama, matan bayan danga suka ɗauka. Na ji dariyar Saude a ciki, na san ta ko cikin dubu. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, na so ƙasa ta tsage in shige. Malam Babba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya kakkaɓe gemunsa, ya zagaya babur ɗin a hankali, ya ƙwanƙwasa tankin da yatsa.

Ya ce, "Da na zaci raini ne. Da raini ne, da yau ka bar takardar 'yata a nan. Tun da wauta ce, to ita tana da magani. Wannan abin, in an sayar, zai rufa ɗaki?"

Na ce zai rufa, har da zaure.

"To ya kwana a nan. Ranar da aka buga kwano, ka zo da ƙafarka ka ɗauki matarka."

A motar 'yan kasuwa muka koma ni da Kawu Ilu, a baya, tsakanin awaki da buhunan barkono, ƙafata a miƙe. Da muka hango duwatsun Birnin Kudu sai ya ce, "Har sau uku. Ko mai tallan magani sau ɗaya yake zagayawa."

Malam Sabo ne ya je Sara ya tuƙo babur ɗin. Sati uku ya yi yana neman mai saye, domin duk wanda ya zo sai ya tambayi inda ake samun kayansa, ya kama gabansa. A ƙarshe wani dogon ɗan kwangila daga Kano ya saya, da faɗuwa mai ciwo. Kuɗin ba su kai zaure ba, ɗakin kaɗai suka rufa. Malam Sabo bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Sai dai ranar da na kai masa tsohon kekena ya yi mini faci, da ya gama ya riƙe mini shi ya ce, "Hau mu gani, Malam. Ƙafa ta kai?"

Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe na tafi Sara a keken, na sauka tun daga bakin rijiya, na cire takalmi na riƙe a hannu. Na lura an kafe gungumen da turaku ta kowane gefe. Malam Babba ya amsa gaisuwata kamar ba abin da ya taɓa faruwa, Saude ta fito da ƙunshin kayanta ta biyo ni.

Na yi shekara da shekaru ina koyarwa bayan nan, har na zama hedimasta na gaske, amma a Sara har gobe sunana Mai Zagaye. Abin da na koya ba shi da yawa, kuma da tsada na saye shi. Kafin ka hau abu, ka fara sanin yadda za ka sauka, in kuma dole sai ka ji kunya, ka ji ta da wuri a gaban baƙi. Kwanon nan yana nan, ya yi tsatsa amma ba ya yoyo. Duk damina, da ruwa ya fara dukan rufi yana ƙara, sai Saude ta ɗago kai daga abin da take yi ta ce, "Malam, ga babur ɗinka can an tayar." Ni kuwa sai in shafa ƙwaurina.